Satar fasaha da kayan jabu a Nijar: ina aka kwana?

 Bayanin yau a kan wata magana ne da ake yawan ji a labarai, wato haƙƙin mallakar fasaha, da yaƙin da hukumomi ke yi da satar fasaha da kayan jabu. Da yawa in sun ji sai su ɗauka zancen ƴan boko ne na Yamai. Alhali maganar ta shafi mawaƙin da ake tura waƙarsa a waya ba a ba shi ko dala ba, ta shafi manomin albasa, ta kuma shafi uwar da ta sayi ƙwayar zazzaɓi a kan tire.

A taƙaice, Nijar tana da dokoki, tana da hukumomi, ta kuma ci wasu nasarori da za a iya nunawa da yatsa. Inda gizo ke saƙa shi ne tazarar da ke tsakanin takardar da ke ofis da rumfar kasuwa. Mu da ke zaune a bakin iyaka, wannan tazara ta fi shafar mu. Ga bayanin daki-daki.

Me ake nufi da haƙƙin mallakar fasaha?

Kowa ya san mallakar gona ko akuya. To doka ta ce abin da mutum ya ƙago da basirarsa shi ma dukiya ne, kuma yana da mai shi. An kasa wannan dukiya gida biyu.

Gida na farko shi ne na adabi da nishaɗi: waƙa, kiɗa, littafi, wasan kwaikwayo, fim, hoto, zane da manhajar kwamfuta. Wannan haƙƙi yana tabbata tun ranar da aka yi aikin, ko an yi rajista ko ba a yi ba. Fuska biyu gare shi. Akwai ta suna, wato ba a goge sunan mai aikin a sa na wani, ba a kuma jirkita aikin yadda zai zubar masa da mutunci. Akwai ta kuɗi, wato ba a buga aikin, ko sayar da shi, ko watsa shi ga jama'a sai da izininsa. Yarjejeniyar duniya ta Berne ta ce haƙƙin kuɗin nan yana nan aƙalla shekara 50 bayan rasuwar mai aikin, magada ke cin moriyarsa. Wanda ya rera waƙar, da makaɗan da suka yi kiɗa, da wanda ya zuba kuɗinsa aka ɗauki sautin, su ma doka ta ba su nasu kason.

Gida na biyu shi ne na sana'a da kasuwanci: tambarin kaya, sunan kamfani, sabuwar na'ura, zanen atamfa, sabon irin shuka, da sunan wurin da wani kaya ya yi fice da shi. Wannan kam sai an yi rajista. Takardar sabuwar ƙirƙira tana aiki shekara 20. Ta tambari shekara 10 ce, ana sabuntawa.

Satar fasaha ita ce kwafar aikin gida na farko a yi kasuwanci da shi ba izini. Jabu kuwa shi ne a yi kaya a manna musu tambarin wani don mai saye ya zaci na asali ne. Jin waƙa a gida cikin iyali, ko malami ya ɗauko ɗan yanki na littafi ya karantar, doka ba ta hana ba.

Dokokin Nijar, shekara bi shekara

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ga manyan matakan da aka taka:

- 1962: ƙasar ta shiga yarjejeniyar Berne. A ranar 13 ga Satumba na shekarar, tana cikin ƙasashe 12 da suka kafa ofishin haɗin gwiwa na rajistar ƙirƙira a birnin Libreville na Gabon.
- 1964: ta shiga yarjejeniyar Paris mai kare tambari da ƙirƙira, da ta Roma mai kare masu rerawa da makaɗa.
- 1975: ta zama mamba a hukumar duniya ta haƙƙin mallakar fasaha, OMPI, mai mazauni a Janeba.
- 1977: ranar 2 ga Maris aka sa hannu a yarjejeniyar Bangui, wadda ta haifi ƙungiyar OAPI ta yanzu.
- 1993: ranar 30 ga Maris aka kafa doka mai lamba 93-027 a kan haƙƙin marubuta da mawaƙa da kayan gargajiya.
- 1995: doka mai lamba 95-019 ta kafa hukumar BNDA.
- 1996: Nijar ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya, OMC.
- 2010: ranar 23 ga Disamba doka mai lamba 2010-95 ta maye gurbin ta 1993. An yi mata gyara a 2014.
- 2015: an sake gyara yarjejeniyar Bangui a Bamako, gyaran ya fara aiki a watan Nuwamba 2020. Daga cikin abin da ya ƙarfafa har da ikon ƴan duwan na tsare kayan da ake zargin jabu ne a bakin iyaka.

Dokar 2010 ta tanadi ƙwace kayan sata, da tara, da ɗauri, da biyan diyya ga mai haƙƙi. Ta kuma sa al'adun gargajiya a cikin abin da ake karewa, kamar waƙoƙin daka, tatsuniyoyi, raye-raye da zanen hannu da aka gada. Manufar ita ce kada wani ya kwashi gadon jama'a ya yi kasuwanci da shi shi kaɗai. Yin su a biki da suna da wasan gari kuwa yana nan yadda aka saba.

Akwai wani sassauci da ya kamata a sani. Da yake Nijar tana cikin jerin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ƙungiyar OMC ta ɗaga wa irinsu ƙafa wajen aiwatar da mafi yawan ƙa'idojinta na haƙƙin mallaka har zuwa 2034, a fannin magunguna kuma har zuwa 2033. An yi haka ne don talaka ya samu magani mai sauƙin kuɗi.

BNDA: hukumar mawaƙa da marubuta

Mawaƙi ɗaya ba zai iya bin kowane gidan rediyo da kowane otal yana karɓar kuɗinsa ba. Shi ya sa aka kafa BNDA, mai mazauni a Yamai, ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da al'adu. Aikinta shi ne ta karɓi kuɗi daga masu amfani da ayyukan fasaha a bainar jama'a, kamar gidajen rediyo da talabijin, otal-otal, wuraren shaƙatawa, masu shirya wasanni da masu buga faifai, sannan ta raba wa masu haƙƙi.

Wannan tsari yana tafiya ne da ƙafa biyu. Ta farko, sai mai fasaha ya shiga hukumar ya bayyana ayyukansa ɗaya bayan ɗaya. Wanda sunansa ba ya cikin kundi, ko da waƙarsa ake kwana a rediyo, ba inda za a ga sunansa ranar rabo. Ta biyu, sai masu watsawa sun biya, sun kuma rubuta waƙoƙin da suka sa, don a san na wa aka fi ji. In ƙafa ɗaya ta gurgunce, rabon ba ya yin adalci.

A nan ne makaɗan karkara suke baya. Daga Matameye zuwa Yamai tafiya ce ta sama da kilomita 800. Mai gurmi ko mai kalangu da ke Kance ko Dungu, wanda bai yi lakwal ba, da wuya ya san akwai wani kundi da ya kamata sunansa ya shiga.

OAPI: rajista ɗaya, ƙasa 17

Nijar ba ta da ofishin kanta mai ba da takardar tambari ko ta ƙirƙira. Ta haɗa wannan aiki da wasu ƙasashe a ƙungiyar OAPI, mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Benin, Burkina Faso, Mali, Chadi, Togo, Kodebuwa da Senegal. Amfanin tsarin shi ne takarda ɗaya tana aiki a dukkansu. A cikin gida, hukumar AN2PI da ke Yamai ita ce ƙofar shiga, ita ke karɓar takardu ta tura. In rigima ta taso a kan tambari, kotunan ƙasa ne ke shari'ar.

Darasin albasar Galmi

Labarin da ya fi buɗe wa ƴan Nijar ido a wannan fanni daga gona ya fito. Galmi gari ne a jihar Tawa, a kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Jar albasarsa ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma, daga Akara har Abijan, kuma manoma ne suka yi ta zaɓen irinta kaka da kakanni.

A 2006 wani kamfanin iri na Senegal mai suna Tropicasem ya nemi OAPI ta ba shi takardar mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi. Da an ba shi, da ikon sayar da iri da wannan suna ya koma hannunsa a ƙasashen ƙungiyar. Maganar ta fito fili a 2009, ƙungiyoyin manoma suka yi ca, gwamnatin Nijar ta nuna rashin amincewa. Daga ƙarshe kamfanin ya saki sunan Galmi, ya koma neman takarda da wani suna, Violet de Damani.

Abin lura shi ne shekarun da aka ɗauka kafin manoman su ji labari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce rashin rajista.

Kaya huɗu da suka samu takarda

Daga wannan darasi aka shiga aikin yi wa kayan da ƙasar ta yi fice da su rajista. A 2023 aka yi bikin miƙa wa Nijar takardun OAPI na kaya huɗu a Yamai. Albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu shaidar asalin wuri. Cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi sun samu tambarin gamayya, wato tambarin da ƙungiyar masu sana'a ke riƙe da shi tare.

Shaidar asalin wuri tana nufin sunan ya zama na masu sana'ar yankin baki ɗaya. Ba mai sayar da shi, ba kuma mai ƙwace shi. Duk mai son sa sunan a kayansa sai ya kasance a yankin da aka shata, ya kuma bi kundin ƙa'idojin da aka rubuta: irin da za a shuka, ko irin naman da za a yanka, yadda za a shanya, yadda za a adana. A kula, wannan bai hana mahautan Kano ko na Kamaru yin kilishi ba. Abin da ya hana shi ne a yi shi a wani wuri a rubuta masa sunan Nijar.

Takardar ita kaɗai ba ta ƙara wa buhu farashi. Sai an samu masu duba inganci, da leda ko buhu mai ɗauke da alamar, da ƴan kasuwa masu neman ta. Wannan aiki shi ne a gaba. Mu ma nan muna da abin dubawa, domin raken fadamun Matameye da Dungu ya yi suna, kamar yadda tattasan Difa ya yi. Hanyar da masu albasa suka bi a buɗe take ga kowace ƙungiyar manoma da ta haɗa kai ta rubuta ƙa'idojinta.

Waƙa da fim: daga kaset zuwa memori

A fannin waƙa da fim ne aka fi jin jiki. Zamanin kaset da faifan sidi, satar tana da wurin zama: akwai injin kwafa, akwai sito, akwai dila. Hukuma tana iya zuwa ta kama ta ƙona. Yanzu kuwa sana'ar ta koma kwamfuta ɗaya a rumfar cajin waya. Ka miƙa memori, a cika maka da waƙoƙi da fina-finai a kan kuɗi kaɗan. Daga nan kuma sai Bluetooth da Xender da WhatsApp su ƙarasa rabon kyauta.

Masana'antar fim ta Kano, wadda mu ma nan ita muke kallo, ta ɗanɗana wannan. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, kasuwarta ta dogara ne da sayar da kaset, daga baya faifai, ta hannun dilolin Ƙofar Wambai da Bata. Da turawa ta yaɗu, kasuwar faifai ta mutu. Masu shirya fim suka koma neman kuɗi ta wasu hanyoyi: tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, gidajen sinima, da fina-finai masu dogon zango a YouTube irin su Izzar So da Labarina, inda talla ke biyan mai tashar. Ita ma masana'antar an daɗe ana yi mata gorin ɗaukar labari da sautin fina-finan Indiya, ga kuma fassarar fina-finan waje da ta cika memori. Kun ga ke nan, wanda aka cuta a nan yana iya zama mai cin haƙƙin wani a can.

Wani zai ce, ai makaɗin Hausa da ma ba da sayar da faifai yake ci ba, da kari da liƙi yake ci, yaɗuwar waƙarsa ma ita ke jawo masa gayyata. Akwai gaskiya a ciki, muddin yana da ƙarfin zuwa biki. Ranar da tsufa ko ciwo ya kwantar da shi fa? Muryoyin irin su Ɗan Gurmu na Tawa, da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, da Maman Barka mai biram da ya rasu a 2018, har gobe ana jin su. Haƙƙin kuɗin da doka ta ajiye wa magada saboda irin wannan rana aka yi shi. In ba a bi ba, an koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin Mdou Moctar, mai jita ɗan jihar Tawa, ya nuna fuska biyun abin. A 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato. Ba su fita kasuwa a faifai ba, daga waya zuwa waya suka bi har Mali. Can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su a cikin wayoyin mutane, ya sa ɗaya a wani faifai da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar don a yi yarjejeniya a biya shi. Yau Mdou Moctar yana wasa a Turai da Amurka. Turawa ce ta kai muryarsa nesa, amma kuɗi bai zo ba sai da aka san sunansa aka rubuta takarda.

Wasu ƙasashe sun nemo dabara. A Burkina Faso da Aljeriya ana ɗora ɗan kaso a kan kayan kwafa da ake shigowa da su, a tara a raba wa masu fasaha. Tunda ba a iya tsare kowace waya, sai a karɓa tun daga bakin shigowa.

Jabun magani: inda abin ya zama na rai

Satar waƙa tana cin aljihu. Jabun magani rai yake ci. A 1995, lokacin babbar annobar sanƙarau, an yi wa mutum sama da 50,000 allurar rigakafin jabu a Nijar, kuma hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta mutum 2,500 sun rasa rayukansu a dalilin haka. A 2015 da 2019 an sake yin gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a ƙasar, ɗauke da sunan kamfanonin gaske. A 2017 OMS ta ce a ƙasashe masu tasowa, cikin kowane magani 10 ɗaya jabu ne ko marar inganci.

A nan ma an ɗan motsa. A watan Janairu 2020 Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka ƙulla alƙawari a Lome ta Togo cewa za su tsananta hukunci a kan fataucin jabun magani. Akwai hukumar ONPPC mai sayo magani da rarraba shi ta farmasin gwamnati, akwai kuma ɗakin gwaji na LANSPEX mai auna inganci. Duk da haka maganin kan tire da na bayan babur bai bar kasuwanninmu ba, saboda araha da kusanci.

Kada a haɗa jabu da jenerik. Jenerik magani ne na gaskiya, wanda wani kamfani ya yi bisa izinin hukuma bayan wa'adin takardar mai ƙirƙira ya ƙare, shi ya sa yake da sauƙin kuɗi. Irinsa ake bayarwa a CSI. Jabu kuwa ƙarya ce aka rubuta a kwali, ciki yana iya zama alli ko gari.

Haka abin yake a maganin ƙwari. Ƙungiyar RECA ta zaurukan manoma ta sha bayyana cewa mafi yawan magungunan feshi da ke kasuwannin ƙasar ba su da amincewar kwamitin Sahel mai tantance su. Manomin da ya fesa na bogi ya yi asarar kuɗi, ya yi ta amfanin gona.

Takarda tana tsayawa a Ɗan Barto

Ga abin da ya fi shafar mutanen wannan yanki. Najeriya ba ta cikin OAPI. Wanda ya yi wa tambarinsa rajista a Yawunde, takardarsa tana aiki a Bamako da Dakar, amma da ya tsallaka Ɗan Barto ya shiga Kwangwalam ta daina aiki. Mai son kare tambarinsa a kasuwar Mai'aduwa, Daura ko Kano sai ya yi wata rajistar a Abuja. Haka ma Gana, ita ma ba ta ciki.

Waƙa da littafi da fim ba haka suke ba. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993, saboda haka waƙar ɗan Nijar tana da kariya a can ba tare da sabuwar rajista ba, fim ɗin Kano ma yana da kariya a nan. Najeriya tana da hukumarta ta haƙƙin mallaka, NCC, ta kuma yi sabuwar doka da aka sa wa hannu a watan Maris 2023, wadda ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa da aka ɗora a intanet ba izini.

Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, harshe ɗaya, dangi ɗaya, hanyoyin daji ba adadi. Kayan jabu suna bi ta nan su shiga, su kuma bi su fita. Ɗan duwan da ke bakin shinge ba zai gane jabun atamfa ko batir ba sai mai tambarin ya kai ƙara ya nuna masa bambancin. Memori kuwa a aljihu yake wucewa.

Me malamai suka ce?

Mutane kan tambaya ko kwafar waƙa ko littafi sata ce a shari'a, tunda ba a ɗauke wa mai shi komai daga ɗaki ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba wannan a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988. Ta yanke cewa sunan kasuwanci, tambari, wallafa da ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya, kuma bai halatta a keta su ba. Wanda ya sadaukar da aikinsa ya ce kowa ya kwafa, kamar yadda malamai da yawa ke yi da karatunsu, wannan kyautarsa ce.

Me kowa zai iya yi?

Mawaƙi da marubuci: ka shiga BNDA ka bayyana ayyukanka. Ka ambaci sunanka a cikin waƙar, ka rubuta shi a jikin fayil ɗin. Kada ka shiga situdiyo ko ka ba wani izinin ɗora waƙarka sai da takarda mai shaidu, wadda ta faɗi wa'adi, da kason kowa, da inda za a watsa. Sayar da waƙa ɗungurungum a kan kuɗin cefanen mako, nadama ce ke biyo baya.

Mai sana'a: in sabulunki ko man gyaɗarki ko yajinki ya fara suna, ki yi wa tambarin rajista tun kafin wani ya riga ki. A tsarin OAPI wanda ya fara kai takarda shi ke da rinjaye. In kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa, ƙungiyar mata ko ta manoma tana iya yin tambarin gamayya.

Mai turawa: sana'ar tana ciyar da matasa da yawa, ba mai musun haka. Mafita ita ce ku haɗa ƙungiya ku nemi yarjejeniya da masu haƙƙi, a san abin da za a riƙa biya. Mawaƙan garinku su ne na farko da ya kamata ku zauna da su.

Mai saye: magani a farmasi ko CSI. Maganin feshi da iri a wurin dilan da malamin gona ya sani. A duba ranar lalacewa, a duba ko an taɓa buɗe kwalin. Araha ba ta ado.

Ƴan uwa na ƙetare: ku ne kuka fi samun intanet mai ƙarfi, da yawanku kuna ɗora waƙoƙin gida a YouTube da Facebook da TikTok saboda kewa. Ku nemi izinin mai waƙar, ku rubuta sunansa, in tashar tana kawo kuɗi ku aika masa da kasonsa. Ku sani kuma mai haƙƙi yana iya kai ƙara YouTube, in ƙararrakin suka kai uku ana rufe tasha. In an samu tashar mawaƙin ta kansa, a kalla a can. Masu aiko da magani gida kuma, a sayo a farmasi, a haɗo da takardar likita.

Ranar 26 ga Afrilu ce ranar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, 13 ga Satumba kuma ta Afirka. Ranaku ne da ya dace ƙungiyoyin makaɗa da na manoma na Matameye, Kance, Tsauni, Yawuri da Kurni su nemi magajin gari da ma'aikatan al'adu na jiha su zo su yi bayanin yadda ake shiga kundi, da abin da ake biya, da inda ake kai ƙara. Wanda ya karanta wannan bayani ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.